Napoleyon Bonapart: sarkin da ya gagari Turai, teku ta gagare shi

 Yau a filin tarihi za mu waiwayi rayuwar Napoleyon Bonapart, sarkin sarakunan Faransa, wanda ya girgiza Turai shekaru 200 da ɗoriya da suka wuce. Duk wanda ya zauna bencin lakwal a Nijar ya taɓa jin wanga suna. Amma ba kowa ya san yadda mulkinsa ya ƙare ba. Ranar Asabar 15 ga watan Yuli 1815, da sanyin safiya, mutumin nan ya hau wani jirgin yaƙi na Ingila da ƙafafunsa, ya miƙa wuya ga sojan ruwan da suka fi shekara ashirin suna hana shi barci. To yaya aka yi har ya kai ga haka?

Ɗan tsibiri

An haife shi ranar 15 ga Agusta 1769 a garin Ajaksiyo, cikin tsibirin Korsika da ke tekun Bahar Rum. Shekara guda kacal kafin nan Faransa ta karɓi tsibirin daga hannun mutanen Jenowa. Gidansu gidan mutunci ne amma babu dukiya, ga ƴaƴa takwas. Yana ɗan shekara tara aka tura shi Faransa karatu, ya shiga lakwal ta soja a garin Briyen. Can ya sha tsokana wurin ƴaƴan masu hali, saboda faransancinsa na baƙo ne kuma aljihunsa ba nauyi. Sai ya duƙufa ga lissafi da littattafan tarihi. Yana da shekara 16 ya fito ƙaramin hafsa a ɓangaren igwa, wato manyan bindigogin da dawakai ke ja. A wannan shekara ta 1785 mahaifinsa ya rasu da ciwon ciki.

Da juyin juya hali ya ɓarke a Faransa a 1789, aka tumɓuke sarauta, manyan hafsoshi ƴaƴan sarauta da yawa suka gudu. Hanya ta buɗe ga yara irinsa.

Karonsa na farko da sojan ruwan Ingila ya zo a 1793. Magoya bayan sarauta sun miƙa tashar jiragen ruwa ta Tulon ga Ingila. Napoleyon ya duba wurin, ya gane cewa duk wanda ya riƙe tudun da ke kallon tashar, shi ke da tashar. Aka bi shawararsa, aka kafa igwa a tudun, jiragen Ingila suka janye ba shiri. Ya samu rauni a cinya, amma ya fito da muƙamin janar yana da shekara 24. Ku riƙe wannan, don ita ce nasara mafi girma da ya taɓa samu a kan jiragen Ingila, kuma daga tudu ya same ta.

Masar: ruwa ba sa'an kwando ba

Bayan ya yi suna a yaƙin Italiya a 1796 da 1797, sai ya nufi Masar a 1798 da sojoji sama da dubu talatin. Niyyarsa ya datse wa Ingila hanyar Indiya, inda arzikinta yake. A tudu ya murƙushe mayaƙan Mamluk kusa da dalar Fir'auna, ya shiga Alƙahira. Amma ranar 1 ga Agusta 1798 kumandan sojan ruwan Ingila, Nelson, ya tarar da jiragen Faransa a tsaye a gaɓar Abukir. Cikin manyan jiragen yaƙi 13, biyu kaɗai suka tsira. Daga cikin jiragen Ingila da suka yi wannan aiki akwai wani mai igwa 74, sunansa Bellerophon. Ya sha wuta a daren har turakunsa suka kakkarye, amma bai nutse ba. Za mu sake haɗuwa da shi.

Daga ranar rundunar Napoleyon ta zama kamar a kurkuku, ba jirgin komawa gida. Ya yi ta shelar cewa yana girmama Musulunci, amma da mutanen Alƙahira suka yi bore a watan Oktoba, sai ya sa aka yi wa unguwar Azhar ruwan wuta, sojojinsa suka shiga masallacin da dawakai. A watan Maris 1799, a garin Jafa na ƙasar Falasɗinu, ya ba da umarni aka kashe fursunoni sama da 2000, mutanen da suka riga suka ajiye makamai. Ya wuce birnin Akka, nan ma jiragen Ingila suka kama igwoyinsa a kan teku, suka taimaki masu garin har ya haƙura. A watan Agusta ya sulale ya koma Faransa, ya bar sojojinsa a Masar.

Daga janar zuwa sarkin sarakuna

Da isarsa gida, a watan Nuwamba 1799, ya yi juyin mulki. Nan ne aka ga ɗayan gefen mutumin, domin gwani ne wajen tsara mulki. Shi ya kafa muƙamin prefe a 1800, ya kafa lise a 1802, ya fito da kundin dokokin zaman jama'a a 1804, sannan jarrabawar bak a 1808. Waɗannan abubuwa mulkin mallaka ya kawo su ƙasarmu daga baya. Kenan yaron da ke hana idonsa barci don bak a Damagaram ko Tawa, da manomin da ya kai kuka ofishin prefe, duk suna taɓa wani abu da ya samo asali daga zamanin mutumin nan.

Sai dai akwai baƙin tabo da ba ya goguwa. Faransa ta soke bauta a 1794, shi kuwa ya maido da ita a 1802 a tsibiran da Faransa ke mallaka. Ya tura runduna tsibirin da yau ake kira Haiti, inda baƙaƙen fata suka ƴantar da kansu. Jagoransu Toussaint Louverture ya ajiye makami bisa yarjejeniya, amma aka gayyace shi tattaunawa, aka cafke shi, aka jefa shi jirgi zuwa Faransa. Ya mutu a 1803 a wani kurkuku mai tsananin sanyi cikin duwatsu.

Ranar 2 ga Disamba 1804, shekarar da jihadin Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo ya fara a ƙasar Hausa, Napoleyon ya ɗora wa kansa kambin sarauta a birnin Paris, Fafaroma na zaune yana kallo.

Abu guda ya rage mishi: Ingila. Ya tara runduna a bakin mashigin ruwan da ya raba ƙasashen biyu, wanda a wurin da ya fi matsewa faɗinsa bai wuce kilomita 34 ba. Tafiyar yini guda ce ga mai ƙafa in da tudu ne, amma ya kasa ƙetarawa. Ranar 21 ga Oktoba 1805, a Tarafalga kusa da Sipaniya, jiragen Ingila 27 suka ragargaza na Faransa da Sipaniya 33. Nelson ya mutu a ranar. Bellerophon na cikin daga, har kaftin ɗinsa ya rasa ransa. Makonni shida bayan haka Napoleyon ya ci babbar nasararsa a Ostarlis, a kan sarakunan Rasha da Ostiriya. Tudu nasa ne, teku ta Ingila.

Tun da ya kasa kai wa Ingila da soja, sai ya ce zai kashe ta da yunwar kasuwa. A 1806 ya hana duk ƙasashen Turai ciniki da ita. To amma kowa ya san halin kasuwa, in ka rufe ƙofa ƴan fasa-ƙwauri za su buɗe taga. Don ya tilasta wannan doka ya kutsa Fotugal da Sipaniya, ya faɗa yaƙin sari-ka-noƙe da ya yi shekaru yana cin sojojinsa. Don ita kuma, da wasu dalilai, ya auka wa Rasha a 1812 da mutum wajen dubu 600. Ya isa Mosko ya tarar an watse, wuta ta cinye garin. A hanyar dawowa sanyi da yunwa da cuta suka gama da rundunar, ƴan kaɗan suka ga gida.

Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Ƙasashen Turai suka haɗa kai suka doke shi a Laifzig a 1813, suka shiga Paris a 1814. Ya yi murabus, aka ba shi ɗan tsibirin Elba kusa da Italiya, kuma jirgin Ingila ne ya kai shi. Bai cika shekara ba ya sulale da mutum wajen dubu, ya sauka Faransa ranar 1 ga Maris 1815. Sojojin da aka tura su kama shi suka bi shi. Ranar 20 ga wata yana Paris, Sarki Luwi na 18 ya arce. Amma ranar 18 ga Yuni, a Watarlu cikin ƙasar Beljik ta yau, Wellington na Ingila da Blücher na Furusiya suka karya shi karyawar ƙarshe.

Gaba kura, baya sayaki

Ranar 22 ga Yuni ya sake yin murabus. Ƴan majalisa sun juya mishi baya, sojojin Furusiya na matsowa, kuma Blücher bai ɓoye ba cewa in ya kama shi harbe shi zai yi. Sai Napoleyon ya yanke shawarar tafiya Amurka. Ya bar yankin Paris ranar 29 ga Yuni, ya isa tashar Roshfor a bakin tekun Atlantika ranar 3 ga Yuli. Jiragen yaƙin Faransa biyu na jiransa. Amma daga bakin mashigar, ga wani jirgin Ingila yana kai da kawowa. Bellerophon ne, tsoho mai kusan shekara 30 a ruwa, ƙarƙashin kaftin Frederick Maitland.

Ku tuna jiragen zamanin na katako ne, iska ke tura su. Kafin ka fita sai iska ta ba ka, sai kuma mai gadin ƙofa ya yi sakaci. Kwanaki suka yi ta wucewa, shawarwari na ta zuwa. Kaftin na ɗaya daga cikin jiragen Faransa ya ce zai far wa Bellerophon, ya sadaukar da jirginsa da mutanensa don ɗayan ya samu ya wuce da sarki. Wasu suka ce a ɓoye shi cikin gangar katako a wani jirgin ƴan kasuwa. Wasu matasan hafsoshi suka ce za su fitar da shi da dare a ƙananan kwale-kwale. Wansa Joseph ya zo ya same shi, kuma shi Joseph ɗin daga baya ya bi ta ɓoye ya isa Amurka lafiya. Kenan hanyar ba a rufe take ruf ba.

Napoleyon duk ya ƙi. Mutumin da aka sani da yanke shawara cikin ƙiftawar ido a fagen fama, sai ga shi yana ta jan ƙafa. Abin da ya fi tsoro shi ne a zaƙulo shi daga cikin ganga kamar ɓarawon kaji, duniya ta yi dariya. Ana cikin haka labari ya zo cewa Sarki Luwi ya koma Paris ranar 8 ga Yuli. In ya ƙara jinkiri, umarnin kama shi na hanya.

Ranar 10 ga Yuli ya aika wakilai wurin Maitland su ji ko za a bar shi ya wuce Amurka. Kaftin ya ce ba shi da wannan izini. Ranar 14 suka koma. Maitland ya ce zai iya ɗaukarsa zuwa Ingila, amma ba shi da ikon yin alƙawarin abin da gwamnatinsa za ta yi da shi. Wakilan kuwa suka dawo da kyakkyawan zato. Wannan magana ita ce daga baya ta zama abin gardama, kowane ɓangare na cewa ga yadda aka yi.

Napoleyon ya riga ya rubuta takarda ga yariman da ke riƙon sarautar Ingila, tun da mahaifinsa Sarki Joji na 3 ba shi da lafiya. A ciki ya ce siyasarsa ta ƙare, ya kwatanta kansa da wani jarumin Girka na dā da ya nemi mafaka wurin maƙiyansa, ya kuma sa kansa ƙarƙashin kariyar dokokin Ingila. A zuciyarsa yana ganin za a ba shi gida a karkara, ya zauna kamar baƙo mai daraja.

Safiyar miƙa wuya

Da asubahin 15 ga Yuli ya bar ɗan tsibirin Eks, inda ya yi kwanakinsa na ƙarshe a Faransa, cikin wani ƙaramin jirgin yaƙi. Iska ta ƙi ba su, har sai da Maitland ya aiko da kwale-kwalensa aka ɗauko shi. Ma'aikatan jirgin Faransa suka yi ta mishi kirari, wasu na hawaye. Ya hau Bellerophon cikin koren kakinsa na soja da hularsa da kowa ya sani. Shekarunsa 45.

Maitland ya karɓe shi da mutunci, ya bar mishi ɗakinsa. Napoleyon ya zaga jirgin yana ta tambaya a kan igwa da igiyoyi da abincin ma'aikata, yana yaba tsabta da yadda ake aiki ba hayaniya. Sai a ranar ya ga cikin abin da ya karya shi a Abukir da Tarafalga. Ranar 23 ga wata suka wuce gaɓar Faransa ta ƙarshe, ya daɗe a tsaye yana kallonta.

Washegari suka isa gaɓar Ingila, daga nan aka wuce da su tashar Filimas. Labari ya bazu kamar wutar daji. Kullum kwale-kwale ɗaruruwa cike da maza da mata da yara ke kewaye jirgin, kowa na son ya ga dodon da aka daɗe ana ba yara tsoro da shi. Da maraice yakan fito ya tsaya, wasu har su cire huluna. Wannan ya ƙara tayar da hankalin gwamnatin firaminista Liverpool. Ba a bar shi ya taka ƙasa ba, don in ya sauka yana iya neman kotu ta shiga maganarsa. Hafsan da ya ɗauko takardarsa zuwa ga yarima ma ba a bar shi ya sauka ba, kuma amsa ba ta taɓa zuwa ba.

Ranar 31 ga Yuli aka karanta mishi hukunci: tsibirin Santa Helena, kuma daga yau janar za a riƙa kiransa, an daina sarki. Ya yi ƙorafi a rubuce cewa da kansa ya zo, a matsayin baƙo, an yaudare shi. Matar ɗaya daga cikin hafsoshinsa, Bertrand, ta yi yunƙurin faɗawa ruwa da ta ji inda za su, aka riƙe ta. Ingila kuwa hujjarta a fili take: an gwada shi da Elba, ya dawo, dubban mutane sun mutu a Watarlu. Ranar 7 ga Agusta aka mayar da shi wani jirgin, Northumberland, da ƴan hafsoshi da barori ƙalilan da aka yarda su bi shi.

Dutse a tsakiyar teku

Bayan tafiyar mako goma suka hango Santa Helena a tsakiyar watan Oktoba 1815. Dutse ne tsaye a kudancin Atlantika, wajen kilomita 1900 daga gaɓar Afirka. An ajiye shi a wani gida mai suna Longwood, mai laima da iska da ɓeraye. Sojoji na gadin tudu, jiragen yaƙi na zagaye ruwa dare da rana. Daga 1816 gwamnan tsibirin, Hudson Lowe, ya ƙara tsananta tsaro, suka yi ta zaman doya da manja. Matarsa ta biyu, ɗiyar sarkin Ostiriya, da ɗansa da aka haifa a 1811, bai sake ganinsu ba.

Ya cika lokacinsa da shifta tarihinsa ga mutanensa, yana gyara labarin yadda yake so a tuna da shi. A nan kam ya ci riba, don littattafan da suka fito daga tsibirin sun sa Faransawa da yawa suka manta da jinin da aka zubar, suka riƙe hoton sarkin da aka wulaƙanta. Ya rasu ranar 5 ga Mayu 1821 yana da shekara 51. Likitocin da suka duba gawarsa sun samu mummunan ciwo a tumbinsa, irin wanda ake jin shi ya kashe mahaifinsa. A 1840 Ingila ta yarda aka maido da gawarsa Paris, inda kabarinsa yake har yau. Shi kuwa Bellerophon, bayan wannan tafiya aka kwashe igwoyinsa aka mayar da shi kurkukun kan ruwa, har aka wargaza shi a 1836.

To jama'a, har gobe Faransawa na gardama a kan mutumin nan. Wasu na ganin wanda ya tsara musu ƙasa, wasu na ganin wanda yaƙe-yaƙensa suka ci miliyoyin rayuka kuma ya maido da bauta. Abin da ba gardama a kai shi ne, ranar da ya rasa mafita, alfarmar da ya nema wurin maƙiyansa ita ce wadda bai yi wa fursunonin Jafa ba, bai kuma yi wa Toussaint ba. Su Turawan Ingila sun bar shi da ransa, suka hana shi ƴanci. Hausawa sun ce duniya rawar ƴammata ce, na gaba ya koma baya.